Fashin baƙi: Me ya sa VPN ke nuna ta haɗu amma intanet ya ƙi tafiya?

Me ya sa waya za ta nuna alamar mabuɗi a saman allo, manhaja ta ce VPN ta haɗu, amma ko shafi ɗaya ya ƙi buɗuwa? Wannan tambaya tana yawan fitowa daga bakin masu kafa sabar VPN da kansu (saba ita ce kwamfutar da ke yi wa wasu na'urori hidima ta intanet), kuma amsoshi biyun da aka fi ba su, wato "matsalar sabis ce" da "ka kashe katangar tsaro kawai", su ne suka fi ɓatar da mutane. Katangar tsaro ita ce tsarin da ke tace abin da ke shiga na'ura da abin da ke fita.

'Yan Najeriya da dama sun fara sanin VPN ne a watan Yunin 2021, lokacin da gwamnatin tarayya ta dakatar da Twitter, dakatarwar da ba a ɗage ba sai a Janairun 2022. A wancan lokaci manhajojin kyauta aka yi ta saukewa. Yanzu kuwa akwai masu ƙananan ofisoshi, da masu shagunan da ke son duba kyamarorinsu daga nesa, da ɗaliban kwamfuta, waɗanda ke hayar ƙaramar saba a kamfanoni irin su DigitalOcean, Hetzner, AWS ko Oracle, su ɗora mata manhajar VPN irin WireGuard ko OpenVPN. Wanda ya yi haka ya zama shi ne mai gyara, babu wanda zai kira. Bayanin da ke tafe ya ɗauki WireGuard a kan Ubuntu, wani nau'in Linux, a matsayin misali, amma mafi yawansa ya shafi OpenVPN ma.

Hanyar da fakiti ke bi

Duk abin da waya ke aikawa ta intanet, yanka shi ake yi ƙanana-ƙanana, kowane yanki ana kiransa fakiti, kuma yana ɗauke da adireshin inda ya fito da na inda za shi. Aikin VPN shi ne ta rufe fakitin da mabuɗin sirri, ta sa shi cikin wani sabon fakiti mai adireshin sabarka. Idan ya isa saba sai a kwance shi, a duba inda asalinsa yake nufi, a tura shi can.

Kafin fakiti ɗaya ya je ya dawo, sai ya tsallake wurare biyar: layin kamfanin sadarwa, katangar tsaron kamfanin da ya ba ka hayar saba, katangar da ke cikin sabar kanta, izinin wucewa daga katin wg0 (katin sadarwar da WireGuard ke ƙirƙira) zuwa katin da ke fita waje, da kuma sauya adireshi. A kowanne daga cikinsu ana iya jefar da shi ba tare da an sanar da kowa ba. Saboda haka tambayar mai gyara guda ɗaya ce: a ina fakitin ya mutu? Wanda ya fara sauya saituna kafin ya amsa wannan tambaya, lalube yake yi cikin duhu.

"Ta haɗu" ba hujja ba ce

Manhajar WireGuard tana kunna alamarta da zarar ka danna maɓalli, ko da sabar a kashe take. Abin da alamar ke nufi kawai shi ne an buɗe bututun, wato rufaffiyar hanyar da VPN ke shimfiɗawa zuwa saba, a ɓangaren waya. Hujjar gaskiya ita ce musafaha, wato musayar mabuɗai tsakanin waya da saba. A kan saba ka rubuta `wg show`, ka nemi layin `latest handshake` a ƙarƙashin layin `peer` na wayar. WireGuard na sabunta musafaha kusan kowane minti biyu muddin ana aika bayanai. Idan layin babu shi, ko ya haura minti uku alhali wayar na ta ƙoƙari, to bututun bai tsaya ba, kuma duk wani gyaran DNS (tsarin fassara sunan shafi zuwa adireshi) ko na sauya adireshi ɓata lokaci ne a wannan mataki.

Wani hali na WireGuard yana ƙara wahalar da bincike: ba ta amsa wa wanda ba ta sani ba. Da gangan Jason Donenfeld ya tsara ta haka, don mai leƙen asiri kada ya gane akwai ta. Sakamakon shi ne mabuɗi mara daidai da mashiga (ƙofa mai lamba da manhaja ke sauraro a kai) a rufe duk kamanninsu ɗaya daga ɓangaren waya, shiru kawai. Abin da ke raba su shi ne sauraron layin daga kan saba:

`tcpdump -ni any udp port 51820`

51820 ita ce mashigar WireGuard a wannan misali. Ka bar wannan umarni yana gudana, ka kunna VPN a waya, ka gwada buɗe wani shafi. Fakitin neman musafaha tsawonsa bayit 148 ne, amsarsa kuma bayit 92. Abu uku ne za su iya bayyana.

Na farko, allo ya zauna fayau. Fakitin bai iso ba ke nan. Ka duba adireshi da lambar mashiga a layin `Endpoint` na fayil ɗin saitin waya, sannan ka duba katangar kamfanin haya. Akwai kuma Wi-Fi na wasu otal-otal da makarantu da ke toshe UDP, ɗaya daga manyan hanyoyi biyu na aika fakiti (ɗayar ita ce TCP), baki ɗaya, WireGuard kuwa da UDP kaɗai take aiki. Gwajin yana da sauƙi: ka sauka daga Wi-Fi ka koma datar waya. Idan ta haɗu, ka gano mai laifi. A irin wannan wuri ne OpenVPN ke da amfani, don tana iya bi ta TCP a mashiga ta 443, duk da cewa saurinta na raguwa sosai idan layin na zubar da fakiti.

Na biyu, ana ganin 148 yana shigowa kusan kowace daƙiƙa biyar amma 92 ba ya fita. A nan akwai abin lura da ke rikita mutane: tcpdump yana ganin fakiti tun kafin katangar cikin saba ta yanke masa hukunci. Ganin sa a allo ba ya nufin an bar shi ya shiga. Ko dai katangar ta jefar da shi, ko WireGuard ba ta sauraro a wannan mashiga, wanda `ss -uln` zai nuna, ko kuma mabuɗan ba su dace ba. Kowane ɓangare na da mabuɗin sirri da mabuɗin fili da yake ba ɗaya ɓangaren. Kuskuren da ya fi yawa shi ne musanya su: mabuɗin fili na saba ne ake sa wa a fayil ɗin waya, mabuɗin fili na waya kuma a fayil ɗin saba. Agogo ma yana jawo haka. Kowace musafaha na ɗauke da hatimin lokaci, kuma saba ba ta karɓar wanda ya gaza na baya. Idan agogon na'ura ya taɓa yin gaba sannan aka mayar da shi daidai, saba za ta yi ta ƙin ta har sai an sake kunna wg0.

Na uku, 148 na shiga, 92 na fita, amma waya na ci gaba da maimaita nema. Ko amsar na ɓacewa a hanya, ko kuma layin `PresharedKey` bai zo ɗaya a ɓangarorin biyu ba.

Katanga biyu ce, ba ɗaya ba

Mutane da yawa sukan buɗe mashiga ta 51820 a cikin saba su ɗauka sun gama. Amma AWS da Oracle da makamantansu suna da tasu katangar a waje, wadda ake saitawa daga shafin kamfanin. Dole a buɗe a can ma, kuma a zaɓi UDP. Sau da yawa za ka tarar an buɗe lambar daidai amma an bar ta a kan TCP.

A cikin saba kuma jerin ƙa'idoji ne ke aiki, ana karanta su daga sama zuwa ƙasa, wadda ta fara dacewa da fakiti ita ce ke yanke hukunci, sauran ba a ko kallon su. Ubuntu da Oracle ke bayarwa misali ne mai kyau: yana zuwa da ƙa'idar REJECT, wato ƙin karɓa, a ƙarshen jerin INPUT (na fakiti masu zuwa wurin saba) da kuma a jerin FORWARD (na masu wucewa). Idan ka ƙara taka da umarnin saita katanga `iptables -A`, ƙasan waccan za ta sauka, ba za a taɓa isowa kanta ba. Da `-I` ake sa ta a sama:

`iptables -I INPUT -p udp --dport 51820 -j ACCEPT`

Babu abin da ya kai ma'aunin ƙidaya amfani a nan. Umarnin `iptables -L -v -n --line-numbers` yana nuna adadin fakitin da kowace ƙa'ida ta kama. Ka duba, ka gwada daga waya, ka sake dubawa. Ƙa'idar da lambarta ta ƙaru ita ce ta yi aiki. Idan taka tana nan a sifiri, wata ta riga ta. A sababbin Ubuntu da Debian, iptables fuska ce kawai, nftables ke aiki a ƙarƙashi, don haka ka duba `nft list ruleset` ma, domin wata manhaja na iya sa nata ƙa'idojin a teburin da iptables ba ya nunawa.

An yi musafaha, intanet babu

Wannan shi ne korafin da ya fi kowanne yawa, kuma matakala mai hawa uku ce ke warware shi. A ce adireshin saba a cikin bututu 10.8.0.1 ne. Daga na'urar da ta haɗu, ka fara yi wa 10.8.0.1 ping, wato aika ɗan fakitin gwaji a ga ko za a amsa, sannan 1.1.1.1, wanda adireshi ne a intanet, sannan wani suna kamar wikipedia.org. Inda ka tsaya, nan ciwon yake.

Idan hawan farko ya gagara alhali akwai musafaha, ka duba `AllowedIPs`. Layi ɗaya ne amma aikinsa ya bambanta a ɓangarorin biyu. A waya yana faɗin abin da za a tura cikin bututu, kuma 0.0.0.0/0 na nufin komai. A saba yana faɗin adireshin da aka yarda wannan na'ura ta yi amfani da shi, kamar 10.8.0.2/32. Duk fakitin da ya zo da wani adireshin daban, jefar da shi ake yi. Idan aka ba na'urori biyu adireshi ɗaya, ko aka rubuta wa kowacce /24, ta ƙarshe ce ke kwashewa, ta farko ta tashi a tutar babu. Haka nan idan aka kwafi fayil ɗaya aka sa a waya biyu, saba za ta riƙa juya amsa tsakaninsu, kowacce na yankewa tana dawowa. Kowace na'ura da nata mabuɗin da nata adireshin.

Idan hawan farko ya yi amma na biyu ya ƙi, abu uku ne, kuma dukkansu sai sun cika.

Linux ba ya miƙa fakitin wani zuwa wani sai an ba shi izini. `sysctl net.ipv4.ip_forward` zai nuna 0 ko 1. Idan 0 ne, ka rubuta `net.ipv4.ip_forward=1` a fayil cikin /etc/sysctl.d/ ka gudanar da `sysctl --system`. Wanda ya yi amfani da `sysctl -w` kaɗai, gyaransa zai tafi ranar da sabar ta sake tashi.

Sai jerin FORWARD. Bambancinsa da INPUT shi ne ginshiƙin fahimtar katangar baki ɗaya. INPUT na baƙon da ya zo wurin mai gida ne, FORWARD kuma na wanda ya shigo ta zaure zai fita ta ƙofar baya. Fakitin VPN yana zuwa da fuska biyu: a rufe baƙon saba ne, INPUT ke duba shi, da an kwance shi ya zama mai wucewa, FORWARD ke duba shi. Buɗe na farko ba ya buɗe na biyu. Ana buƙatar izinin fita da izinin dawowar amsa:

`iptables -I FORWARD -i wg0 -o eth0 -j ACCEPT`

`iptables -I FORWARD -i eth0 -o wg0 -m conntrack --ctstate RELATED,ESTABLISHED -j ACCEPT`

Mai amfani da ufw, manhajar saita katanga ta Ubuntu, ya sani cewa asalin saitinta DROP ne, wato jefarwa, ga masu wucewa, kuma `ufw allow 51820/udp` bai taɓa wannan ba. Abin da ake so shi ne `ufw route allow in on wg0 out on eth0`. Docker ma, wanda ake gudanar da wasu manhajoji da shi, yana mayar da manufar FORWARD, wato hukuncin fakitin da babu ƙa'idar da ta kama shi, zuwa DROP idan aka girka shi. Shi ya sa za ka ji an ce VPN tana aiki lafiya watanni, aka sa wata manhaja a sabar, washegari ta mutu.

Na ƙarshe shi ne sauya adireshi. Adireshi irin 10.8.0.2 na cikin gida ne, intanet ba ta san hanyar mayar masa da amsa ba. Dole saba ta cire shi ta sa nata kafin fakitin ya fita:

`iptables -t nat -A POSTROUTING -s 10.8.0.0/24 -o eth0 -j MASQUERADE`

A nan ne kwafe umarni daga intanet ke cutar da mutane. Ba kowace saba ce katinta ke da suna eth0 ba, wata ens3 ce, wata ens5, wata enp1s0. iptables ba ya ƙorafi idan ka ba shi sunan katin da babu shi, karɓa yake yi ya ajiye, ƙa'idar ta zauna ba ta kama komai. `ip route show default` zai faɗa maka sunan gaskiya, a bayan kalmar `dev`. Don tabbatarwa, ka saurari katin waje da tcpdump: idan ka ga fakiti na fita da 10.8.0.2 a matsayin tushe, sauyin bai yi ba.

Lamba na tafiya, suna ba ya tafiya

Idan 1.1.1.1 ya amsa amma wikipedia.org ya ƙi, DNS ce. Ko babu layin `DNS` a fayil ɗin waya, ko an rubuta 10.8.0.1 alhali babu mai amsawa a can. Mai fassara sunaye da Ubuntu ke zuwa da shi yana sauraro ne a 127.0.0.53, wanda sabar kaɗai ke iya kaiwa gare shi. Mafita ita ce a sa 1.1.1.1 ko 9.9.9.9, ko a girka Unbound ko dnsmasq a buɗe mashiga ta 53 a jerin INPUT ga katin wg0 kaɗai.

Ciwon da ya fi ɓuya: girman fakiti

Akwai yanayin da komai ya yi daidai, ping na tafiya, saƙon rubutu na WhatsApp na shiga, amma hoto ya ƙi sauka, wasu shafuka su fara buɗuwa su tsaya, SSH, hanyar shiga saba daga nesa, ya shiga sannan ya daskare da zarar an nemi dogon rubutu. Ƙananan fakiti na wucewa, manya na mutuwa. Wannan matsalar MTU ce, wato iyakar girman fakitin da layi ke ɗauka.

Lissafin haka yake. Layi na yau da kullum yana ɗaukar bayit 1500. Rufin da WireGuard ke ƙarawa bayit 60 ne a kan IPv4, 80 a kan IPv6, shi ya sa wg-quick ke zaɓar 1420. Amma layin PPPoE 1492 yake ɗauka, wasu layukan waya kuma ƙasa da haka. Bisa ƙa'ida, na'urar da fakiti ya yi wa girma tana mayar da saƙon ICMP cewa a rage. Idan wani a hanya ya toshe ICMP, saƙon ba zai iso ba, mai aikawa zai yi ta maimaita babban fakitin yana ɓacewa.

Daga kwamfutar Linux ana gwadawa da `ping -M do -s 1392 10.8.0.1`. An zaɓi 1392 ne don idan aka haɗa da bayit 28 na kanun fakiti ya zama 1420. A Windows `ping -f -l 1392` ne. Idan ya ƙi, ka riƙa ragewa da ashirin-ashirin har ya wuce, ka ƙara 28 a kan lambar, ka sa ta a layin `MTU` a waya da saba. Mai gaggawa ya sa 1280, wadda kusan ko'ina take wucewa, amma kada ya yi ƙasa da ita domin IPv6 ba ya aiki a ƙasa da 1280. A saba kuma ana ƙara wannan don haɗin TCP ya daidaita girmansa tun daga farko:

`iptables -t mangle -A FORWARD -p tcp --tcp-flags SYN,RST SYN -j TCPMSS --clamp-mss-to-pmtu`

A OpenVPN saitin `mssfix` ne ke wannan aiki.

Saba a gida ko a shago

Wanda ya ɗora sabar a kwamfutar ofis mai amfani da MiFi ko layin waya yakan gamu da bangon da babu umarnin da zai rusa shi. Kamfanonin waya galibi suna haɗa kwastomomi masu yawa a bayan adireshin fili guda ɗaya. Ka duba adireshin waje da MiFi ɗinka ya samu: idan ya faɗa tsakanin 100.64.0.0 da 100.127.255.255, ko ya fara da 10, ko ya bambanta da wanda shafukan duba adireshi ke nuna maka, babu wanda zai iya kiran ka daga waje. Mafita ita ce ƙaramar sabar haya a tsakiya, ofis da waya duk su kira ta. A fayil ɗin ofis ka sa `PersistentKeepalive = 25`, in ba haka ba na'urar kamfanin waya za ta manta da haɗin bayan ɗan shiru, ka nemi kyamarar shago daga nesa ka rasa.

Sai karon adireshi. Na'urorin Huawei da yawa na amfani da 192.168.8.0/24, wasu kuma 192.168.0.0/24 ko 192.168.1.0/24. Idan gida da ofis duk lamba ɗaya suke, kwamfuta za ta nemi firintar ofis a cikin gida. Sauya lambar ɓangare ɗaya ne maganin.

A kashe katanga ko a kulle komai?

Masu gyara sun kasu biyu. Wasu na cewa a share dukkan ƙa'idoji a ga ko za ta yi. A matsayin gwajin minti biyu wannan yana da amfani, amma akwai tarko: `iptables -F` yana share ƙa'idoji ne ya bar manufa, don haka idan manufar INPUT DROP ce, ka kulle kanka a waje nan take. Babbar illar kuma ita ce gwajin yakan zama na dindindin. Sabar da ke da adireshin fili, na'urori masu laluben kalmar sirri ba sa daɗewa ba su same ta ba. DNS da aka bari a buɗe ga duniya ana amfani da ita wajen kai wa wasu hari, kamfanin haya kuma mai asusun zai tuhuma. Ga asibiti ko shagon da ke bi ta wannan saba zuwa bayanan marasa lafiya ko na ciniki, wannan ba ƙaramin ganganci ba ne.

Ɗaya ɓangaren na toshe duk abin da bai gane ba, har da ICMP, da sunan tsaro. Su ne ke haifar da ciwon MTU da hannunsu, su kuma kashe ping, wanda shi ne kayan binciken farko. A ganina duka biyun gudun karatun ma'auni ne. Abin da ya dace shi ne manufa ta zama DROP, a bar haɗin da aka riga aka kafa, a bar ICMP, a buɗe SSH da mashigar VPN, sannan a lokacin bincike a sa ƙa'idar LOG a gaban wadda ke jefarwa don a ga abin da ake kashewa a `journalctl -k`.

Ga mai amfani na yau da kullum akwai abu biyu da ya kamata ya sani. Idan an sa 0.0.0.0/0 kaɗai ba a haɗa da ::/0 ba, a layin da ke da IPv6 wani ɓangare na zirga-zirgarsa na iya bi ta wajen bututu alhali yana zaton a rufe yake. Sannan VPN a kan layin waya take hawa, ba ta maye gurbinsa. Lokacin da aka rufe layukan sadarwa a jihar Zamfara a Satumban 2021, babu VPN ɗin da za ta iya fitar da fakiti ko ɗaya.

Kafin ka taɓa katangar sabar da kake shiga ta SSH, ka ajiye kwafinta da `iptables-save > /root/kafin-gyara`, ka bar tagar SSH ta biyu a buɗe, ka kuma tabbatar ka san inda allon gaggawa yake a shafin kamfanin haya. Idan gyaran ya yi, ka adana shi da `netfilter-persistent save` ko ka sa shi a layukan `PostUp` da `PostDown` na wg0.conf, ka kunna `systemctl enable wg-quick@wg0`, sannan ka sake tayar da sabar da gangan ka maimaita ping ɗin nan uku daga datar waya.